Malka Ba Ta da Ranar Hutu

Tana cikin ɗago mahaifinta daga bahon wanka ciwon ya sake soke ta a mara, kamar an zura mata allurar ɗinkin buhu. Malka ta dafe bango da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin hamatar tsohon, ta cije leɓe har abin ya lafa. Ba halin ta sake shi. Mendel Pomerantz ya haura casa'in, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, amma jiƙaƙƙen tsoho mai santsin sabulu nauyinsa daban ne.

"A hankali, yarinya," in ji shi. "Ba dilar yadi kike saukewa ba."

"To, Baba. Ɗaga ƙafar."

Ta goge masa jiki, ta shafa masa mai, ta ɗaura masa famfas, ta zaunar da shi a bakin gado tana sa masa maɓallan riga. Ya zuba mata ido, irin kallon da yake yi wa baƙi tun da mantuwa ta cinye masa kai.

"Ke sabuwa ce a nan?"

"Na ɗan kwana biyu."

"Yaushe ne ranar hutunki?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta durƙusa tana sa masa safa.

"Ba su ba ki ba ko? Haka suke." Ya sunkuyo yana raɗa, kamar wani na laɓe. "Ki shiga ƙungiyar ƙwadago. Ni nan da kike gani, masana'antar ɗinki nawa muka rufe a kan ranar hutu! Kada ki yarda, 'yar nan. Ki je ki sami ɗana Asher, ki ce ni na aiko ki."

Sunan Asher bai taɓa ɓace masa ba. Nata ne ya tafi tun bara, ita da ta ajiye aikin koyarwa ta dawo ɗakin ƙuruciyarta don ta yi jinyarsa.

Da ta gama ba shi kunu ta kunna masa rediyo, sai ta shiga banɗaki ta kulle. Jinin ya dawo. Al'adarta ta ɗauke da daɗewa, sai ga shi tun bayan idin sabuwar shekarar Yahudawa, a farkon kaka, yana zuwa mata kaɗan-kaɗan, yau kuwa ba kaɗan ba ne. Likitar unguwa ba ta yi mata kwana-kwana ba: a je babban asibiti a ɗauki hoto, a ɗebi tsoka a auna, kuma kada a ja lokaci. Aikin wuni guda ne. Wuni gudan ne ba ta da shi.

Aka buga ƙofa da ƙarfe. Zelda Brodsky ce, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, tana turo keken dogarawarta. Ita ma ta ba tamanin baya. Tare da marigayiya uwar Malka suka yi amarci a wannan benen da teloli 'yan ƙungiya suka haɗa hannu suka gina a unguwar Bronx.

"Ga burodin Asabar. Ya ƙone ta gefe ɗaya, ki ba tsohon can wannan gefen, ba zai gane ba." Ta ɗaga kai, ta gyara tabarau. "Ke, wannan fuskar fa? Na sha ganin gawar da ta fi ki jini a jika."

"Barci ne bai ishe ni ba, Goggo."

"Ƙarya kike. A gabana aka haife ki. Kin faɗa wa mai ceton talakawa?"

Haka take kiran Asher, ko a gabansa. Kuma ba don tana raina aikinsa ba. Ita ma 'yar ƙungiyar ce, duk zanga-zangar da za a yi tana sahun gaba da kekenta, tana zagin 'yan sanda da Yahudancin kakanni. Asher shi ne jagoran Yahudawan birnin da ke tsaya wa ma'aikata da 'yan haya. A bana fafutukar a kan matan da ke jinyar tsofaffi a gidaje ce, waɗanda kamfanoni ke turawa su yi dare da rana ba mai karɓarsu. Ba wasa yake yi ba. Takalminsa ya cinye, muryarsa kullum a dishe.

Ranar Juma'a da yamma ya zo, kwalayen zanga-zanga a hamata. Fuskar tsohon ta washe.

"Asher! Yaya yajin?"

"Muna kan su, Baba. Sun fara girgiza."

Ya sumbaci goshin uban, ya wuce kicin ya buɗe tukunya, yana ci a tsaye, wayarsa tana ta ƙugi a kan tebur.

"Ina so mu yi magana," in ji Malka.

"Ina jin ki, Yaya."

Ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Ya ajiye cokalin, ya kife wayar, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba, Yaya. Me ya sa ba ki faɗa mini tun tuni ba? Ki sa rana. Ni da kaina zan zo in zauna da Baba."

"Ba ranar kaɗai ba ce. In suka ce aiki za a yi mini fa? Ina ganin lokaci ya yi da za mu ɗauko mai taimako. Ko da safe ne kawai, saboda wankan."

Ya shafa gemu.

"Daga ina? Daga kamfanonin nan da muke kai ƙara? Ke kin san abin da suke yi wa matan nan. Ni da nake tsayawa ƙofar ofishinsu da lasifika, gobe a ji wadda suke tatsa tana wanke wa ubana jiki? 'Yan jarida biki za su yi. Kuma ba ni za a kashe ba, gwagwarmayar za a kashe."

"To mu ɗauka da kanmu."

"In zama ubangida ke nan. In dai ba za mu iya ba ta haƙƙinta cif ba, da hutunta da inshorarta da komai, to mun zama su. Ki ɗan ƙara haƙuri dokar da muke nema wa matan nan ta wuce. Da ta wuce, komai zai zo da sauƙi."

"Gidan tsofaffi fa? Na ɗan lokaci."

"Baba? A can?" Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Kin manta roƙon da Mama ta yi mana? Kuma tsakani da Allah, wa zai kula da shi kamar ke? Hannun 'ya daban ne, Yaya."

Duk gaskiya ce. Ita ma a kan wannan gaskiyar aka raine ta. A kafaɗar wannan tsohon ta fara zuwa zanga-zanga, kuma ita ta riƙe hannun Asher ranar da ya fara zuwa tasa. Ta ɗauki kwanon da ya ci ta wanke.

Aka sa rana. Da safiyar ranar, tana sanye da kwat tana jiran ƙarar lifta, sai waya ta yi ƙara. Ilana ce, matar Asher, lauyar 'yan haya.

"Malka, kin ga labarai? An kama su Asher jiya, sun zauna sun tare ƙofar kamfanin. Yana can a tsare, sai an kai su gaban alƙali. Wallahi ina alfahari da shi, amma na san yau ce ranarki. Da na zo, to ina kotu, iyali guda za a fitar daga gida da yara ƙanana, in ban je ba a titi za su kwana. Kin gane ai."

"Na gane."

Zelda, wadda ta ji komai daga bakin ƙofa, ta buga ƙafar kekenta a ƙasa.

"An kama shi! Sai ka ce a gadonsa suka same shi. Ina wurin taron, 'yar nan. Aka ce su wa za su zauna a kama su, shi ya fara ɗaga hannu. Ya san ranarki sarai. Wuce ki tafi, ni zan zauna da tsohon. Na fi shekara sittin ina jure surutunsa, wuni ɗaya ba zai kashe ni ba."

Malka ta tafi. Ta shiga jirgin ƙasa ita kaɗai, abin da ta manta rabonta da shi, har ta ji wani irin daɗi mai kama da laifi. A asibiti aka ba ta rigar majinyata, aka kwantar da ita, ma'aikaciya tana neman jijiya a hannunta. Wayar da ke cikin jakarta ta fara ƙara, ta ƙi tsayawa. Muryar Zelda ce, ba zagi ba ba'a, sai kuka. Wai ta shiga banɗaki ne kawai, kafin ta fito tsohon ya zare sakata. Ba ya cikin benen.

Malka ta zare hannunta, ta mayar da kayanta.

A tashar jirgi aka same shi, cikin rigar barci da silifa, dusar ƙanƙara ta yi masa fari a ka, yana tambayar mutane hanyar masana'antar da aka rushe tun kafin a haifi yawancinsu. Sanyin ya kama masa ƙirji. Washegari Asher ya zo kai-tsaye daga kotu, bai ko yi wanka ba, ya tsaya a kan uban yana sauraron tarinsa.

"Yaya," ya ce a hankali, "tsohuwa mai keken dogarawa kika bar wa shi?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai tambayi me likita ya ce ba, ita ma ba ta ce ba a yi gwajin ba. Sai daga baya ya tuna, ya kira, ya ba da haƙuri, ya ce ta sake sa rana. Ta sa. Ranar ta faɗo daidai da zaman 'yan majalisa a Albany, babban birnin jiha, shi ne zai jagoranci motocin masu zanga-zanga. Ta ɗaga. Ta gaba ta zo daidai da jana'izar wata ma'aikaciyar jinya da zuciyarta ta buga a gidan aiki; ai ba zai yiwu a ce ba ya wurin ba. Daga nan sai ya ce, "Bari mu ga bayan Idin Ƙetarewa. Na rantse miki, bayan idi mako guda zan ɗauka, naki ne."

Sanyin bana ya yi tsawo. Siket ɗinta ya fara zamewa daga ƙugu, cikinta kuwa yana tasowa, ya yi tauri kamar ganga. Loma biyu take yi ta ƙoshi. Ta daina iya ɗaga tsohon zuwa baho, sai ta koma yi masa wanka a kan gado da tawul da roba, tana juya shi da gwiwarta in hannu ya gaza. Ta jawo katifarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar fita, don in zai zare sakata sai ya taka ta. Zanen gadonsa take wankewa, ta wanke nata a ɓoye a bayansa, ta shanya a inda Zelda ba za ta gani ba. Wata rana ta sunkuya ɗaukar cokali ta kasa miƙewa, ta zauna a ƙasan kicin tana jin yana kira daga ɗaki, "Fayge! Fayge!" sunan uwarta, har sai da ta rarrafa ta je.

Ilana takan aiko da miya a roba, da saƙo a waya: ki riƙa kula da kanki, mai jinya ma yana bukatar jinya. Asher yakan kira daga mota, da hayaniyar mutane a bayansa.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Mun kusa, Yaya. Wallahi mun kusa."

Zelda ta daina shigowa da ba'a. Tun ranar tashar jirgi kunya ta kama ta, sai ta ajiye burodi ta tsaya tana kallon Malka.

"Bari in faɗa a taro," ta ce wata rana. "Akwai mutane. Matasan nan da ke zuwa da kwalaye, ƙarfi gare su kamar dawakai."

"Kada ki soma, Goggo. Ki tsaya gaban mutanensa ki ce ya bar yayarsa? Yanzu da ake dab da nasara?"

"To ke fa?"

"Saura kaɗan idi."

Liyafar idin a gidan aka yi. Asher ne ya kawo shawarar: Baba ba ya iya fita, kuma ina ya fi dacewa a tuna fitar bayi daga Masar in ba a benen da ma'aikata suka gina da guminsu ba? Zai gayyato 'yan ƙungiya da wasu daga matan da ake yi wa fafutuka. "Kada ki wahalar da kanki, kowa zai zo da abinsa." Kowa ya zo da abinsa kuwa, amma gidan ba shi ya share kansa ba, kwanonin idi ba su suka sauko da kansu daga saman kabad ba, kuma miyar kaza da ƙwallayen garin matza, gurasar idin, in ba ta Malka ba, Asher ya ce ba idi ba ne.

Rana ta faɗi, falo ya cika har an haɗa tebur da teburin guga. An sa wa Mendel farar riga, an zaunar da shi a kan gaba, yana ta murmushi yana ɗaukar taron na yajin aiki ne. Aka zuba ruwan inabi, aka karya gurasa marar yisti, aka karanta yadda Fir'auna ya ƙara wa bayi aiki ya hana su karan yin tubali. Malka tana jin su daga kicin. Ta jingina da firji, gumi mai sanyi yana bin bayanta, tana jiran ciwon ya sake ta ta juye miya.

"Al'adarmu ce," ta ji muryar Asher, "kowa ya faɗi Masar ɗin zamaninmu. Ina ake bautar da mutane yau?"

Wani saurayi ya ce gidajen yari. Wata ta ce kan iyaka. Wata mata 'yar Haiti ta ba da labarin gidan da ta yi jinya, inda ko kujerar zama ba a ba ta ba, har wasu suka share hawaye. Zagaye ya zo kan Zelda.

"Ni tawa Masar ɗin ba ta da nisa," in ji tsohuwar. "Ga ta can bayan ƙofar nan. Kicin."

Aka yi 'yar dariya, ana zaton ba'ar da ta saba ce.

"Dariya kuke? Tun da muka zauna wa ya ga Malka ta sa ɗuwawunta a kujera? Wa ya dubi fuskarta? Kai, mai ceton talakawa, faɗa musu tun yaushe likita ya ce..."

"Goggo, don Allah," in ji Asher, yana murmushin dole. "Ba nan ne wurin ba."

"Ina ne wurin? Maƙabarta?"

Abin da ya zo wa Malka shi ne ta fita da miyar, ta yi dariya, ta rufe maganar kafin a kunyata ƙaninta a gaban mutanensa. Ta ɗauki tukunyar da tsumma, ta tura ƙofar da kafaɗa.

"Ku rabu da Goggo," ta ce, "inabin ne ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ƙafafunta suka tafi, tukunyar ta riga ta isa ƙasa. Tana jin ana kiran sunanta daga nesa, tana jin ɗumin miya a hannunta da wani ɗumin a cinyoyinta. Matar nan 'yar Haiti ce ta fara isowa, ta ɗaga gefen siket ɗin, ta sake shi da sauri ta ce a kira motar asibiti. Ƙofar da aka saba buɗe wa Annabi Iliya a ƙarshen liyafa, a ranar masu gadon ɗaukar majinyaci aka buɗe wa.

Gwajin da ya gagara tun kaka, a wuni biyu aka gama shi. Likitar ta jawo kujera ta zauna, abin da Malka ta san ba a yi wa mai labari mai daɗi.

"Tun yaushe kike ganin jinin?"

"Tun ganye bai gama zuba ba."

Likitar ta dubi hannuwanta. Ciwon daji ne, daga mahaifa ya fara, yanzu ya kai hanta ya kai huhu. Za a iya rage mata zafi. Ta fara cewa, "Da a ce an zo..." sai ta haɗiye sauran.

Zelda ce ta kawo mata labarin gida, wani saurayi ɗan ƙungiya ya turo ta a keken guragu.

"Mai ceton talakawa ya zauna da ubansa. Kin san kwana nawa ya yi? Ko mako bai rufa ba. Tsohon ya watsa masa kunu, ya yi masa kashi a hannu, ya hana shi runtsawa. Sai ga shi ya tuno ashe akwai wata ƙungiyar mata masu jinya da suka kafa nasu na kansu, ba kamfani ba ubangida. Mutanenmu ne ma, tare muke zanga-zanga. Yanzu mata uku ke karɓa-karɓa a gidan, kowace tana tafiya gida ta yi barci. Uku, Malka! Ashe akwai hanya."

Malka ta rufe ido. "Suna shafa masa man a diddige? Yana tsagewa."

"Ke dai Allah Ya shirye ki," in ji Zelda, ta fashe da kuka.

'Yan ƙungiyar ba su yi ƙasa a gwiwa ba, a faɗi gaskiya. Da suka ji, sai suka raba kwanaki a tsakaninsu, kullum da mai zama da ita, mai karanta mata jarida, mai taje mata kai. Wasunsu kunya ta hana su haɗa ido da ita. Wasu kuwa, a bakin ƙofa inda suke zaton ba ta ji, sai su ce, "Amma ita ma me ya hana ta magana? Ai da ta tambaya."

Asher kullum yana zuwa. Ya faɗa, furfura ta fito masa a gemu. Yakan zauna ya riƙe hannunta ya yi ta kuka, ita tana ba shi haƙuri. Ranar da aka mayar da ita ɓangaren da ake kai waɗanda magani ya gaza a kansu, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Yaya, jibi ne zama na ƙarshe a Albany. An ce in yi jawabi. Ina so... in kin yarda... in ba su labarinki. Su san ba baƙi kaɗai abin ke ci ba. Mace ta bar aikinta, ta yi jinyar ubanta ba mai karɓarta, har ta rasa wunin zuwa asibiti. Labarinki zai iya juya ƙuri'a."

Ta daɗe tana kallonsa. Idanun uwarsu ne a fuskarsa.

"Matan da kuke kaiwa su yi shaida," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ai kowace sai ta faɗi wanda ya hana ta hutu. Kamfani kaza, gida kaza. Ko ba haka kuke koya musu ba?"

"Haka ne."

"To in suka tambaye ka wa ya hana ni, sunan wa za ka ba su?"

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa ƙarfen gadon, kafaɗunsa suna rawa. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta ɗora a kansa, yadda take yi in ya faɗi a filin wasa.

"Je ka faɗa," ta ce. "In zai taimaki matan, faɗa."

Ya je ya faɗa. Zelda ta riƙe mata waya a gaban fuska, suna kallo kai-tsaye. Ga shi nan a tsaye cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa, bayansa mata cike da ɗaki. Ya kira sunanta. Ya faɗi jinin, ya faɗi katifar bakin ƙofa, ya faɗi tukunyar miya. Muryarsa ta karye ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce tsarin nan ne ya ci yayarsa, tsarin da ya ɗauki jinya aikin mata ne na kyauta, ya ce kada a bar shi ya ci wata. 'Yan majalisa suka yi jugum, wata a cikinsu tana share ido. Ba wanda ya tambaye shi komai. Da ya sauka ɗakin ya ɗauki tafi, matan suka miƙe tsaye.

"Tsari," in ji Zelda. "Tsari mai gemu."

"Goggo, bari."

Ma'aikaciyar da ke kula da ita a ranar, Delrose, wata 'yar Jamaika mai faɗin kafaɗa, ta shigo da tawul da ruwan ɗumi, lokacin juya ta ya yi. Ta leƙa wayar, ta ajiye robar da sauri.

"Kai! Ai na san wannan! Pomerantz ko? Ashe ɗan'uwanki ne?"

"Ƙanina ne."

"Allah Ya yi masa albarka! 'Yar'uwata tana cikin waɗancan matan, ga ta can mai jan ɗankwali. Shekara da shekaru tana kwana a gidajen mutane, 'ya'yanta sun girma ba su san ta ba. Ranar da aka kore ta, mutumin nan ne ya tsaya mata a cikin ruwan sama har aka mayar da ita. In dokar nan ta wuce, za ta riƙa kwana a gadonta." Ta matse tawul ɗin, ta fara goge wa Malka wuya a hankali. "Kin yi sa'ar ɗan'uwa, Mama. Irinsu ba su da yawa. Wanda ya yi wa bare haka, ina ga nasa?"

Zelda ta ja numfashi za ta yi magana. Malka ta kama yatsunta ta matse da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Gaskiya ne," ta ce wa Delrose. "Duk abin da kika faɗa ya yi."

A cikin wayar har yanzu ana tafi. Delrose ta zura hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a ƙugu.

"Wane gefe kike so yau? Taga?"

"Bango," in ji Malka. "Juya ni wajen bango."